RUWA BA YA TSAMI BANZA: A YI WA RIJIYA DA TAFKI HURUMI

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa zama a Agege ko Idi-Araba ko Mil 12 a Ikko, ko kuwa Sabon Badun, ko Sabon Shagamu, ya san ruwan da yawancinmu ke sha ba daga famfon Gwamnati ya ke fitowa ba. Ruwan rijiya ne ko na burtsatse, wanda 'yan garuwa kan jera jarka goma ko goma sha biyu bisa kura su bi lungu-lungu da shi. 'Yan garuwan nan kuwa, kowa ya sani, galibinsu yaranmu ne 'yan ci-rani. Watau mu ke ɗebowa, mu ke sayarwa, mu ne kuma ke sha. In an kawo wa maigida ruwa, abin da ya kan duba shi ne ko garau ya ke, ko ba ya wari, sai kuma kuɗin jarka. Da wuya ka ji ya tambayi ko taku nawa ne tsakanin rijiyar da aka ɗebo shi da masai mafi kusa.

To, wannan tambaya kuwa ta fi sauran duka nauyi. Cutar kwalara ta shigo ƙasar nan a ƙarshen 1970, cikin 1971 ta kashe mutum kusan 3,000. Bayan shekara 50, watau cikin 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu a jihohin Arewa. Cikin watan Yuni na 2024 ta sake ɓulla a Ikko. Kwalara da taifot da gudawar yara duk hanyarsu guda ce, watau bayan-gidan wani ya sami kafar shiga ruwan shan wani. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Zancenmu na yau shi ne yadda hukumar gari kan yi amfani da dokar tsarin ƙasa ta toshe wannan kafa tun daga tushe, ta ce nan an yarda a gina kaza, nan kuwa an hana, don akwai ruwan jama'a kusa.

YADDA ƘAZANTA KE TAFIYA A ƘARƘASHIN ƘASA

Ruwan da ke cikin rijiya ruwan sama ne da ya nutse, ya ratsa yashi da tsakuwa ya taru a ƙasa. Ba kwance ya ke wuri ɗaya kamar ruwan randa ba. Tafiya ya ke yi sannu-sannu daga tudu zuwa gangare, abin da ya tarar a hanya kuwa ya kan kwashe ya wuce da shi. Ƙasa tana tace ruwa, gaskiya ne, amma sai an ba ta tazara da lokaci. Ƙwayoyin cutar da suka fito daga masai su kan maƙale cikin ƙasa su mutu in tafiyar ta yi nisa. In kuwa gajera ce, da ransu za su faɗa rijiya. A Ikko abin ya fi muni, don ƙasar yashi ce, ruwan kuma yana kusa, wani wurin kafin ka haƙa tsayin mutum biyu ka tarar da shi. A Badun da Abekuta dutse ne a ƙasa, amma dutsen yana da tsaga, ruwa kuwa in ya sami tsaga gudu ya ke yi ba tare da ya tacu ba.

Saboda haka ne ma'aikatan lafiya suka tsai da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. A bar aƙalla mita 30, watau wajen ƙafa 100, tsakanin masai ko sokawe da rijiyar sha. Gindin ramin masai ya tsaya sama da ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. Masai kuma ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu.

To, mai karatu, auna wannan da filin gida. Fuloti a Ikko ƙafa 60 ne da 120, a wurare da yawa ma 50 ne da 100. Ko mai gida ya kai rijiyarsa ƙuryar gaba, ya kai sokawensa ƙuryar baya, da ƙyar zai cika ƙa'idar. Ya cika ɗin ma, ga sokawen maƙwabcinsa nan jikin katanga, taku biyar daga rijiyar. Ga bakanike a gefe yana tuttular da baƙin mai, ga mai wanki, ga bola a bakin lungu. Ashe mutum ɗaya, kome tsabtarsa, ba ya iya tsare rijiyarsa shi kaɗai. Sai unguwa duka ta yi tsari, tsarin unguwa kuwa aikin hukuma ne.

HURUMI

Abin da a ke yi da dokar tsarin gari shi ne a ɗauki taswira a rarraba ƙasa shiyya-shiyya: nan gidajen kwana, nan kasuwa, nan masana'antu, nan noma. Sa'an nan a zana da'ira kewaye da rijiyoyin gari ko tafkinsa, a ce duk abin da ya faɗo cikinta sai ya bi ƙarin sharuɗɗa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, muna da sunansa tun kaka da kakanni, watau hurumi. Garin Hausa na da yana da hurumin da ba mai noma shi, ba mai gina shi. Yana da burtali don shanu su wuce ba su shiga gona ba, yana da mashaya. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa rijiya ma tana da nata hurumi, iyakarsa kuwa ita ce gwargwadon abin da zai hana a cuci ruwanta ko a takura wa masu zuwa ɗiba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya rubuta littafi kan hukuncin ƙasa mai suna Ta'alimur Radi, ya kuma taɓo hurumin gari da na rijiya a cikinsa.

Abin da zamani ya ƙara shi ne awo. A ƙasar Jamus, alal misali, zobe uku su kan yi wa rijiyar gari. Zobe na farko shi ne bakin rijiyar, aƙalla mita 10 ta kowane gefe. A kan kewaye shi da waya, ba mai shiga sai ma'aikacin ruwa. Zobe na biyu da kwanaki a ke auna shi. Masana su kan lissafa daga ina ne ruwan ƙasa zai taso ya yi kwana 50 a hanya kafin ya iso rijiyar, su ja layi a nan, don an lura yawancin ƙwayoyin cuta ba su wuce kwana 50 da rai a ƙarƙashin ƙasa. Cikin wannan zobe ba a sabon gini, ba a zuba ruwan kashin dabbobi a gona. Zobe na uku shi ne duk ƙasar da ruwanta ke gangarowa rijiyar. A nan ana zama ana noma, amma an hana juji da masana'anta mai guba, tankin mai kuwa sai da tsauraran sharuɗɗa. Dalilin zobe na uku shi ne fetur da maganin jima da gubar batir ba su mutuwa kamar ƙwayar cuta, ko da sun shekara a hanya. Ingila ma da kwana 50 ta ke auna zobenta na ciki.

BADUN DA TAFKUNANTA BIYU

Ba sai mun je Turai ba za mu ga amfanin hurumi da kuma illar sakinsa. Mutanen Sabon Badun sun san tafkin Eleyele, don ba shi da nisa da su. Cikin 1942 aka datse kogin Ona aka yi shi don a ba birnin ruwan famfo. A lokacin wurin bayan gari ne, aka kuma bar gandun daji ya kewaye shi. Gandun nan shi ne huruminsa. Saiwar itatuwa tana riƙe ƙasa kada ta zaizaye ta faɗa tafki, ganye yana karya ƙarfin ruwan sama, sa'an nan inda ba mazauna ba masai.

Sai gari ya yi ta girma har ya cim ma tafkin, ya wuce shi. Unguwanni irin su Apete da Ologuneru suka cika da gidaje. Aka yi ta saran itatuwa ana yanka fuloti kaɗan-kaɗan, yau wannan gefe, baɗi wancan. Kwatocin gidaje da ruwan masu jiƙa rogo da shara suka kama hanyar gangare, gangaren kuwa tafki ne. Laka ta yi ta taruwa a gindinsa, kainuwa ta yi ta bazuwa a samansa. Duk ƙazantar da ta ƙaru a tafki, ƙarin alif ne da kulorin a ma'aikatar ruwa, watau ƙarin kuɗi ne daga baitulmali. Ran 26 ga watan Agusta na 2011 aka yi mamakon ruwa a Badun, ambaliya ta kashe mutum fiye da 100, ta karya gadar Apete, ta kuma lalata mafitar ruwan madatsar Eleyele. Masu bincike suka ɗora alhakin yawan ɓarnar kan gini a hanyar ruwa da toshe rafuka da shara. Cikin 2014 sai da Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 don aikin tsare Badun daga ambaliya, gyaran Eleyele na ciki. Abin da tsaron gandu zai rage da kuɗi kaɗan, ga shi an koma ana cin bashi a kansa.

Tafki na biyu shi ne Asejire, wanda aka buɗe cikin 1972 a kan kogin Oshun, wajen mil 20 gabas da Badun. A nan an hana noma a gefen ruwan, an kuma shuka itatuwa a gaɓarsa. Shi ne ya zama babban abin dogaron birnin. Amma shi ma yana da darasin da zai koya mana. Kogin Oshun daga nesa ya taso, ya ratsa Oshogbo da Ede kafin ya iso Asejire. A ƙasar Ilesha ana haƙar zinariya ana wanke ta a rafukan da ke zuba cikin kogin, har launinsa ya sake ya koma na kunun kanwa. Gwaje-gwajen da aka buga labarinsu cikin 2022 sun nuna dalma da zaiba a ruwan. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa cikin leburorin haƙar nan akwai samarinmu da yawa, waɗanda neman abinci ya kai su. Tafkin kuwa yana kan iyakar Jihar Oyo da ta Oshun. Ka ga ke nan tsare bakin tafki kaɗai bai isa ba. Dole hurumin ya bi kogi ya hau sama, ƙananan hukumomin da ke kan hanyarsa su haɗa baki.

IKKO, FATAKWAL DA KANO

A Ikko ma haka labarin ya ke. Da Turawa suka tashi yi wa birnin ruwan famfo, can Iju suka nufa, wadda a zamanin daji ce nesa da mutane, Gwamna Lugga ya buɗe ma'aikatar cikin 1915. Yau Iju da Agege da Akute duk sun haɗe da gari, nisan da aka dogara da shi ya ƙare. Ruwan famfo bai kai ga yawancin gidaje ba, saboda haka kowa ya koma haƙa tasa burtsatse a inda ya ga dama.

Mutanen Baruwa ta wajen Ipaja sun ga ƙarshen wannan. Unguwar ta girma kusa da hanyar bututun mai, bututun ya yi yoyo a ƙarƙashin ƙasa, tun cikin shekarun 1990 rijiyoyinsu suka fara fid da ruwa mai warin fetur. A Ogale ta ƙasar Ogoni, kusa da Fatakwal, binciken da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar cikin 2011 ya tarar da mai na yawo bisa ruwan ƙasa, kaurinsa santimita 8. Ya kuma tarar da wani sinadari mai haddasa ciwon daji, a ke kira benzin, a rijiyoyin da mutane ke sha, yawansa ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar fiye da sau 900. Binciken ya ce gyaran ƙasar Ogoni na iya cin shekara 25 zuwa 30. Kogi in ya ɓaci damina kan taimaka ta wanke shi, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa in ya ɓaci, yaron da aka haifa ran nan sai ya yi gemu bai ga gyaruwarsa ba.

Kada kuma mu ɗauka ciwon Kurmi ne kaɗai. Kano ta fara shan ruwan famfo daga kogin Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga baya aka kafa unguwannin masana'antu a Sharaɗa da Challawa, kamfanonin jima suka yi ta sako ruwan fatu yana bin Salanta yana faɗawa kogin, na Bompai kuwa yana bin Getsi ya shiga Jakara, inda masu lambu ke ban-ruwa da shi. Su ma waɗannan da taswira aka tsara su. Amma mai taswirar ya duba titi da lantarki, ya manta da inda ruwa ke gangarawa.

DARASI DAGA KANADA DA AMURKA

Ga wani labari da ya kamata mahauta da fataken shanu su saurara. Walkerton ƙaramin gari ne a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, mutanensa ba su kai 5,000 ba. Ɗaya daga cikin rijiyoyin garin ba ta da zurfi, kusa da ita kuma akwai gonar mai shanu. Cikin watan Afrilu na 2000 manomin ya zuba takin shanu a gonarsa kamar yadda ya saba. Cikin watan Mayu aka yi ruwa mai ƙarfi, ya kwashi ƙwayoyin cuta daga takin ya kai su rijiyar, ma'aikatan ruwa kuwa ba su sa kulorin yadda ya kamata ba. Mutum wajen 2,300 suka kwanta, 7 suka mutu. Alƙalin da ya yi bincike, Mai Shari'a Dennis O'Connor, bai ga laifin manomin ba, don ya bi duk ƙa'idar noman da aka sani. Abin da ya ɓace shi ne ba wanda ya yi wa rijiyar hurumi. Cikin 2006 lardin ya yi doka, aka kafa kwamiti ga kowane yankin kogi, da wakilan ƙananan hukumomi da na manoma da na masana'antu da na sauran jama'a. Su ne suka zana zoben kowace rijiyar gari, suka tsai da abin da za a hana da abin da za a yarda da shi bisa sharaɗi.

Birnin Niyu Yok na Amurka kuwa ya nuna yadda a ke yi ba tare da an zalunci na ƙauye ba. Wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan birnin daga tafkunan duwatsun Catskill da Delaware ya ke zuwa, mil 100 ko fiye daga birnin. An ƙiyasta gina ma'aikatar tace shi zai ci dala biliyan 6 ko fiye. Maimakon haka, cikin 1997 birnin ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan yankin. Ya sayi filayen gefen ruwa daga masu son sayarwa, ya biya kuɗin gyaran sokawen gidaje, ya kuma biya masu shanu suka kange rafi da waya, aka yi wa dabbobin mashaya dabam da rumfar tara taki. Kuɗin da aka kashe bai kusa da na ma'aikatar ba, makiyayan kuma suna nan a gonakinsu. Wanda ke shan ruwan ya taimaka wa wanda aka ɗora wa nauyin tsare shi.

WA KE DA IKO A ƘASAR NAN?

Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna amana, shi ke ba da takardar fili a birni, ƙaramar hukuma kuwa a karkara. Ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, a biya diyyar gini da shuka. Dokar Tsara Birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsara gari tun daga Tarayya har ƙaramar hukuma, ta kuma ce ba a gini sai da izni. Cikin 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Ikko ta kai Gwamnatin Tarayya, cewa tsara gari aikin jiha ne.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne tsarin mulki na 1999. A jadawalinsa na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, cikinsu har da kafawa da kula da mayanka, da kasuwanni, da tashoshin mota, da gidajen bahaya na jama'a, da maƙabartu, da kwashe shara. Duba jerin nan da kyau, mai karatu. Kusan duk abin da ke ɓata rijiya a unguwa yana ciki. Ciyaman da kansilolinsa suna da ikon yin dokar da za ta ce ba a kafa mayanka ko masai na haya ko juji cikin ƙafa kaza daga burtsatsen da a ke sayar wa jama'a ruwa. Ba sai sun jira Abuja ba.

Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, wanda Yarbawa ke kira wole-wole, mai shiga gida ya leƙa randa da masai. Har yanzu akwai ma'aikatan, amma sun yi kaɗan, gari kuwa ya ninka. Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne gini kan riga taswira. Masu ƙasa su yanka fuloti su sayar, a gina, a tare, sa'an nan ma'aikacin tsara gari ya zo da jan fenti ya yi alama a bango, a sasanta da shi, ya tafi. Icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

ABIN DA MU KE TSORO

Akwai wanda zai ce, malam, wannan doka da ka ke yabo a kanmu za ta ƙare. Mai wannan magana yana da hujja. Sana'o'in da hurumin ruwa kan fara taɓawa su ne namu: kara, da mayanka, da jima, da lambu a bakin rafi, da gwangwan, da garuwa. Mun kuma ga yadda a kan fake da tsabta a tashi talaka. Cikin watan Yuli na 1990 Gwamnatin soja ta Jihar Ikko ta rushe Maroko bayan wa'adin kwana 7, ta ce wurin ba ya zaunuwa don ruwa da ƙazanta. An ƙiyasta mutum 300,000 suka rasa matsuguni, filin kuwa ya koma unguwar masu hannu da shuni. Cikin watan Yuni na 2018 Gwamnatin Oyo ta rufe mayankar Bodija ta ce mahauta su koma sabuwar mayanka a Amosun, bayan gari. Mahauta suka ƙi, aka yi arangama da 'yan sanda har aka rasa rayuka.

Amma ƙin dokar ba zai fisshe mu ba, don in rijiyar zango ta ɓaci, mai kuɗi ruwan roba zai saya, 'ya'yanmu ne za su sha. In kwalara ta ɓarke kuma, ɗan garuwa za a fara nunawa da yatsa, alhali shi ɗebowa kawai ya yi. Abin da zai fisshe mu shi ne a sa bakinmu tun ran da za a ja layin. Dokar hurumi ta gaskiya tana da alamomi. Masana ne ke auna layin bisa ga gangaren ruwa, a kafa taswirar inda kowa zai gani. Ta hau kan kowa, gidan mai na attajiri da otal na ɗan gari da bukkar baƙo. Wanda doka ta tarar a wurin a ba shi wa'adi mai ma'ana, ya gyara ko ya tashi. Wanda zai tashi a nuna masa inda zai koma, da hanya da ruwa, kafin a rushe. Filin da aka karɓe da sunan ruwa kuma a shuka masa itatuwa, kada a wayi gari a ga an yanka shi fuloti. In ɗaya daga cikin waɗannan ta ɓace, to, a bincika, wataƙila filin a ke so.

Sau da yawa ma ba sai an tashi kowa ba. Mayanka in an yi mata daɓen siminti, aka tara jini dabam, aka kwashe kashin tumbi aka kai wa masu lambu nesa da rafi, aka yi wa ruwan wanki ramin da zai kwanta kafin ya fita, yawancin illarta ta tafi. Kara in an ja ta baya daga gaɓar kogi aka yi wa shanu kwamin sha, fatake ba su yi asarar kome ba.

ABIN YI

Sarakunan Hausawa da Sarakunan Fawa da shugabannin kara da na 'yan garuwa su ne ya kamata su fara. Kowane zango ya san rijiyoyi da burtsatsen da 'yan garuwansa ke ɗiba, ba su da yawa. A sa mutum biyu su zaga su auna da taku, daga kowace rijiya zuwa masai ko sokawe ko bola ko garejin da ya fi kusa. Taku 40 na babban mutum ya kai wajen mita 30. Wadda ta gaza, a bar ruwanta ga wanki da wanka, a daina sayar da shi don sha. Wadda ta cika, a ɗaga bakinta, a yi mata murfi da daɓen siminti, a ba ta guga ɗaya nata na kanta, a kuma haɗa kuɗi a kai ruwanta gwaji ko sau ɗaya a damina. Kafin nan, ruwan da yara za su sha a tafasa shi ko a sa masa maganin kulorin.

Sa'an nan a ɗauki wannan lissafi a rubuce a kai wa kansila da ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma, tare da Baale da sauran 'yan gari, don rijiyar ba ta san Bahaushe da Bayarabe ba. A roƙi a yi wa waɗannan rijiyoyi hurumi a dokance, kada a ba da iznin masai na haya ko gidan mai ko juji kusa da su. Ƙungiyoyin unguwa da a ke taruwa ana shawarar kwata da fitila da 'yan sintiri, mu daina ƙaurace musu da cewa mu baƙi ne. Wanda ya shekara 30 a Agege, ya haifi 'ya'ya ya aurar a nan, ya wuce baƙo. Masu ajiye kuɗi suna gina gida a Arewa kuma su tuna da ƙafa 100 ɗin nan ran da magini zai fid da wurin masai, su duba har da rijiyar maƙwabci.

In kuwa aka ji Gwamnati za ta ja layi a bakin wani kogi ko tafki inda mutanenmu ke sana'a, kada a jira sai katafila ta iso. A nemi ganin taswirar, a nemi a ji wa'adi da wurin komawa, a karɓi kome a rubuce, a kuma ajiye rasit na haya da na haraji, don ran diyya takarda ce ke magana. Allah ya tsare mana ruwanmu, ya raba mu da annoba, amin.